Aikin afendis sau biyu a gidanmu: ɗaya a asibitin karkara, ɗaya a birni

Cikin ƙasa da shekara biyu an yi wa mutum biyu a gidanmu aikin afendis, wato tiyatar cire wata 'yar wutsiya da ke maƙale a hanji. Na farko autanmu ne, a babban asibitin ƙaramar hukumarmu, cikin watan Fabrairun 2023. Ta biyu 'yata ce ta fari, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin gwamnati da ke Kano, a watan Nuwamban 2024. Duka biyun ni na yi zirga-zirgar, ni na sa hannu a takarda, ni na kwana a baranda. Tun daga nan 'yan uwa da abokan aiki suke tambayata ko ya fi kyau a ɗauko mara lafiya daga gida a kawo shi birni, ko a bari a yi masa aiki a can. Ba likita ba ne ni, malamin makaranta ne. Abin da na gani da idona zan faɗa, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Autanmu yana da shekara 22 a lokacin, yana noman rani a fadama. Ranar Litinin da daddare ya ce wa Inna cikinsa yana murɗa masa a wajen cibiya, ya ture kwanon tuwo. Wannan ƙin cin abincin babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai, alhali yaro ne da ba ya wasa da cikinsa. Talata da safe ya yi amai sau biyu, ciwon ya bar cibiya ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama. Aka kai shi kemis, mai kemis ya ce taifot ne haɗe da zazzaɓin cizon sauro, ya yi masa allurar kashe ciwo, ya haɗa masa ƙwayoyi a leda. Ranar Laraba wani baffanmu ya kawo jiƙo, ya ce dattin ciki ne, a wanke shi. Ya sha, ya yi ta zagayawa. Da la'asar sai ciwon ya lafa. Inna ta sa aka kira ni a waya, ta ce, "Alhamdu lillahi, Auta ya samu, har ya ɗan yi barci." Na yi hamdala na ci gaba da harkokina. Daga baya likita ya ce mini mai yiwuwa a daidai wannan lokacin ne abin ya fashe, don idan ya kumbura ya fashe zogin yakan sassauta na ɗan lokaci kafin ruɓa ta bazu a ciki. Har yau in na tuna wannan kiran wayar gabana yakan faɗi.

Alhamis da asuba jikinsa ya yi zafi rau, ciki ya yi tauri kamar allo, ko tari ba ya iyawa. A ɗakin shan magani na garinmu malamin asibiti ya taɓa cikin sau ɗaya, ya ɗaura masa ruwa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya rubuta takardar turawa babban asibiti. Allah ya saka masa da alheri da bai riƙe shi ba. Motar ɗaukar marasa lafiya babu, ranar kuma ba ta kasuwa ba ce balle a samu motar haya. A kan babur aka kai shi, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tallabe da shi ta baya, wajen kilomita 25 a hanyar burji. Ni kuma na baro Kano bayan azahar. Wanda ya tuna waɗannan kwanakin ya san halin da ake ciki: Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin ana gudunsu, sababbin ba a ganinsu. Da kuɗi a asusuna, amma a aljihuna dubu bakwai ce kawai. Mai POS da na samu a tasha ya cire dubu biyu a kan kowace dubu goma, kuma dubu talatin kaɗai ya yarda ya ba ni.

Na isa asibitin gab da magariba. An riga an yanki kati, an kwantar da shi a ɗakin maza. Likitoci biyu ne a asibitin gaba ɗaya, babba guda da wani matashi mai bautar ƙasa. Babban ya tafi gida cin abinci, wata nas ta kira shi a waya, cikin minti ashirin sai ga shi. Ya danna ƙasan cikin a hankali, ya ɗauke hannu da sauri, Auta ya ƙwalla ƙara. Ya tambayi kwana nawa da fara ciwon da inda ya fara, sannan ya ja ni gefe ya zana mini hanji a bayan wata takarda. Ya ce afendis wata 'yar wutsiya ce mai kamar ɗan yatsa, tana maƙale a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta dama. In bakinta ya toshe sai ta kumbura ta yi ruwa, in aka wuce kwana biyu haɗarin fashewa yakan ƙaru ƙwarai. Ya ce abin da yake gani imma afendis ce ta fashe, imma taifot ne ya huda hanji, wanda shi ma yana yawan ganinsa a yankin, sai dai taifot yakan yi mako biyu ko fiye yana cin mutum da zazzaɓi kafin ya huda. Ko wanne ne, sai an buɗe ciki. Na ce, "Likita, ba za a yi hoton ciki ba tukuna?" Ya ce asibitin ba shi da na'urar, mai shagon sikanin na cikin gari kuma ya rufe sai gobe, kuma hoton ba zai sauya abin da za a yi ba.

Daga nan ya ba ni zaɓi, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in na ga dama ya rubuta mini takarda in kai shi Kano, tafiyar awa uku cikin dare, can akwai ƙwararrun likitocin tiyata da ɗakin kulawa ta musamman in abu ya rikice, a nan babu. In kuma na yarda zai yi aikin a daren. Na tambaye shi, "In ƙaninka ne, me za ka yi?" Ya ce, "Zan yi a nan, yanzu." Na kira babban yayanmu, na gaya wa Inna, sannan na sa hannu. Ban taɓa jin nauyin biro irin na wannan daren ba.

Abin da ban sani ba shi ne sa hannun somin-taɓi ne. Aka miƙo mini takarda mai tsawo: ledojin ƙarin ruwa, safar hannu, zaren ɗinki, bandeji da auduga, sirinji, robar fitsari, robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki, allurar ceftriaxone da ruwan Flagyl. Rabin kayan babu su a famasin asibiti, sai a wani shago da ke bakin ƙofa, shi kuma mai shagon ya ce ba ya karɓar turansifa saboda sabis ba ya tafiya. Sai da wani dattijo mai shayi, wanda ya san mahaifinmu, ya tsaya mini. A lab an auna yawan jininsa da rukuninsa, aka ce a tanadi leda ɗaya. Ba su da ma'ajiyar jini, don haka ni aka auna, aka duba ƙanjamau da ciwon hanta, aka ɗebi nawa. Sai kuma wuta. Babu ta NEPA, solar asibitin kuma fitilun ɗakin haihuwa kawai take ɗauka, dole na sayi lita goma ta fetur wajen 'yan bumburutu don ƙaramin janareton ɗakin tiyata. Kuɗin aiki dubu 35 ne, kuma an yarda in biya washegari. Wannan rangwamen ban same shi a birni ba.

Ƙarfe goma da rabi aka shiga da shi, wato ƙasa da awa biyar da isowata. Nas ce mai horo kan sa barci ta kula da numfashinsa, ba likita ba. Muka zauna a baranda ni da Inna, tana jan carbi, ni kuma kunnena yana kan ƙarar janareto, duk sanda ya sauya murya sai in miƙe. Bayan ɗaya na dare likita ya fito da wata 'yar roba, ya nuna mini abin, ya yi baƙi ya ɓule a gefe. Ya ce ya samu mugunya da yawa, ya wanke cikin, ya bar wata roba a gefe don ragowar ta riƙa fita. Yankan dogo ne, daga saman cibiya har ƙasa.

Jinyar ta fi aikin wuya. Kwana uku ba ci ba sha, sai ruwan leda. Kullum da safe nas za ta tambaya, "Ya fitar da iska?" Da farko na ɗauka wasa take, ashe ita ce alamar hanji ya farka ya koma aiki. Ranar da ya fitar aka fara ba shi ruwa da cokali, sannan ruwan shayi, sannan koko mai ruwa-ruwa. Da dare nas ɗaya ce ke duba ɗakin maza da na mata, saboda haka mu ne masu lura da ledar ruwa, mu ne masu zubar da fitsari, mu ne masu juya shi. A rana ta biyar zazzaɓi ya dawo, ƙasan ɗinkin ya yi ja ya fara tsatso ruwa. Likita ya warware zare uku, ya ce a bar wurin a buɗe ya cike daga ciki, a riƙa wankewa kullum. Ya ce hakan yakan faru idan afendis ta riga ta fashe, ko a ina aka yi aikin. Kwanansa 11 a gado, wankin ciwo kuma sai da ya kai mako shida, ana kai shi a babur duk bayan kwana biyu. Da na haɗa lissafi, har da magunguna da kuɗin mai da abinci, abin ya doshi dubu 130. Albasar da ya shuka kuwa ta lalace a fadama, wannan ba ta shiga lissafin asibiti.

Da 'yata ta dawo daga Islamiyya wata yamma a farkon hunturun 2024 tana dafe da cibiya, ta ce ba ta jin cin komai, sai na ji jikina ya yi sanyi. Shekararta 14. Mahaifiyarta ta ce ƙila ciwon mara ne, ta ɗauko ruwan zafi za ta gasa mata. Na ce a dakata. Bayan isha na ce, "Mamana, nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi yi miki ciwo." Ta nuna ƙasa ta dama. Na ce ta yi tari, ta yi, ta dunƙule. Ban ba ta ko ruwa ba, na tare a-daidaita-sahu muka tafi.

Ƙarfe tara muka shiga ɓangaren gaggawa. Mutane ne cike, wasu a gado, wasu a benci, wasu a kan tabarma. Tagar farko ta yankan kati ce, ta biyu ta biyan kuɗi, ta uku ta buɗe fayil, kowace da layinta. Wata nas ta auna zafin jiki da bugun jini, ta ce mu jira. Sai sha ɗaya saura ƙaramin likita ya duba ta, ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce zai kira na sashen tiyata. A nan na ga abin da asibitin garinmu ya rasa. An ƙirga fararen ƙwayoyin jini aka ga sun hau, an auna gishirin jiki da aikin ƙoda, an gwada fitsari, an yi sikanin a cikin asibitin cikin daren. An kuma rubuta gwajin juna biyu, abin da ya ɓata wa mahaifiyarta rai har ta fara faɗa. Wata likita ta ja ta gefe ta ce, "Hajiya, ba zargi ba ne. Duk macen da ta fara al'ada in ta zo da ciwon ƙasan ciki sai mun yi, saboda cikin da ya zauna a wajen mahaifa da ƙullutun ƙwai suna kama da afendis." Ina faɗin wannan ne don kada wani uba ya ji an ci masa fuska ya ɗauke 'yarsa a fusace. Amma kowane gwaji sai ka je ka biya, ka kawo rasit, ka kai jini lab da kanka, ka koma ka karɓo sakamako. Na ƙirga, sau tara na tsaya a layin biyan kuɗi kafin gari ya waye.

Ina da inshorar lafiya ta ma'aikata, ana cire mini a albashi kowane wata, kuma tun 2022 doka ta wajabta inshorar a kan kowa a Najeriya. Sai dai asibitin da na yi rajista da shi ƙarami ne a unguwarmu, kuma kafin a yi aiki a babban asibiti sai an samo takardar turawa da lambar amincewa. Teburin masu inshora a rufe yake da dare. Aka ce in biya, in ajiye rasit, in nemi a mayar mini daga baya. Na biya. Da na san haka, da tun kafin ciwo ya zo na ajiye lambar wayar gaggawa ta masu inshorar, kuma da katin yarinyar yana aljihuna, ba a cikin akwati a gida ba.

Ƙarfe biyu na dare likitan tiyata ya zo ya tabbatar da afendis ce, ya ce bisa alama ba ta fashe ba. Aka ɗaura ruwa, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka rage mata zogi, aka hana ta ci da sha. Na ɗauka yanzu za a shiga, sai aka ce ɗakin tiyata na gaggawa yana da mutane: an kawo waɗanda suka yi haɗari a hanya, akwai kuma wani yaro da hanjinsa ya hudu. Da asuba aka ce sai ma'aikatan safe sun karɓi aiki. Na je wajen likitan raina a ɓace, na ba shi labarin Auta. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce tun da an fara mata allura kuma suna duba ta, jiran 'yan awoyi a asibiti ba daidai yake da jiran kwanaki a gida ba, in cikin ya sauya za su tsallake layi da ita. Maganarsa gaskiya ce, amma ba ta hana ni leƙa fuskarta duk bayan minti biyar ba. Na tambaye shi aikin da ake yi da kyamara ta 'yan ƙananan huji uku, ya ce ana yi a wasu manyan asibitoci da masu zaman kansu, ana saurin warkewa, amma ya fi tsada kuma ba a cika samunsa a aikin gaggawa ba. Ya ce akwai ma waɗanda ake yi wa magani da allura kawai in ba ta fashe ba, sai dai wasunsu ciwon yakan dawo a yi aikin daga baya, kuma likita ne ke yanke wannan bayan gwaji, ba mai kemis ba.

Sha ɗaya na safe aka shiga da ita, awa 14 da zuwanmu. Likitan sa barci ya zo tun kafin nan ya tambayi yaushe ta ci abinci na ƙarshe, ko tana da asma, ko wani magani ya taɓa yi mata illa. Jini an ce a tanada, wani abokina ya bayar, ba a ma yi amfani da shi ba. Cikin awa ɗaya aka fito. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsana ba, a ƙasa ta dama. Aka ba ni abin da aka cire a kwalba in kai ɗakin binciken tsoka, shi ma da kuɗinsa, sakamakon ya fito bayan mako uku. Washegari ta sha shayi ta taka zuwa banɗaki, a rana ta uku aka sallame mu, bayan mako biyu ta koma makaranta. Na kashe kusan dubu 190, kuma sai bayan wata huɗu da zuwa ofis sau biyar aka mayar mini da wani kaso.

Masu tambayata sukan so in ce birni ya fi, tun da yarinyar ta warke cikin mako biyu, Auta kuwa ya yi wata biyu. Ba na yarda a auna haka. Ita an kai ta cikin awa biyar da fara ciwo, shi sai a kwana na uku, bayan allurar kemis da jiƙo. Da an kai shi ranar Talata, likitan nan na karkara zai yi masa ƙaramin yanka irin nata ya sallame shi cikin kwana uku ko huɗu. In ana maganar saurin shiga tiyata ma, karkara ce ta yi gaba, shi ƙasa da awa biyar da isowata, ita awa 14 da zuwanmu, saboda likita ɗaya ne ke yanke shawara kuma babu wanda ke gabanmu. Amma wannan saurin a kan mutum ɗaya ya rataya. Da ya yi tafiya a makon, ko janareto ya mutu, ko jinina bai dace da na Auta ba, da labarin ya sha bamban. A birni kuwa jinkiri ne da tagogi da tsada, amma in numfashi ya tsaya ko ƙoda ta gaza akwai inda za a nufa da mutum a cikin ginin.

Don haka in wani ya kira ni daga gida yanzu, abin da nake fara tambaya shi ne ko ciwon ya taso daga cibiya ya koma dama, ko mutum ya daina cin abinci, ko tari da tafiya suna ƙara masa zogi. In haka ne, nakan ce kada a ba shi maganin wanke ciki, kada a gasa, kada a ba shi abinci, a nufi asibitin da ake tiyata kai tsaye. Kafin a hau babur a kira wani a asibitin a tambaya ko likita yana gari kuma ko yana aiki yau. In yana nan, a tsaya a can. In ba ya nan, ko mara lafiyar mai juna biyu ce, ko ƙaramin yaro ne sosai, ko tsoho mai ciwon suga ko na zuciya, a nemi a ɗaura ruwa a fara allura, a karɓi takardar turawa a wuce birni. A tafi da mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini, da tsabar kuɗi a hannu ko da akwai a waya, da ledar da za a riƙa tara rasit. In ciwo mai tsanani ya lafa farat ɗaya alhali zazzaɓi yana nan, kada a yi murna, a ƙara sauri.

A damunar da ta wuce ɗan maƙwabcinmu a ƙauye ya kwana da ciwon ciki. Auta ne ya je ya ɗaga rigarsa ya nuna wa uban yaron tabon, ya ce a fasa zuwa kemis. Shi ya tuƙa babur ɗin, uban yana tallabe da yaron ta baya, kuma kafin su fita gari ya kira ni ya ce, "Yaya, turo mini lambar nas ɗin nan in ji ko likita yana nan."